Kifin da Ƙuda Ya Ƙi

An yi wani sarki a ƙasar tudu, inda rijiya ke da zurfi kogi kuma ke da nisa, sunansa Ƙasimu ɗan Jatau, birninsa kuwa ana ce masa Dutsen Marke. Sarki ne mai kaifin hankali, mai tsare salla, ba ya cin dukiyar maraya, ba ya karkata shari'a don girman mai ƙara. Sai dai Allah ya jarrabce shi da wata cuta wadda ba ta da boka, ita ce zato. Asalin abin kuwa, yana saurayi ya ga mahaifinsa ya sha zumar da wani hakimi ya aiko da ita gaisuwa, ya yi santi, ya sa albarka, bai kai ga sallar la'asar ba ya cika. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Tun daga ranar, duk abincin da aka kawo gaisuwa sai an fara miƙa wa wata kyanwa da ake kiwo musamman don wannan aiki, har kyanwar ta yi ƙiba ta fi wasu fadawan kyan gani.

Wazirin wannan sarki wani dattijo ne mai suna Hambali, masanin fiƙihu, mai taushin murya, wanda ba ya sakin magana sai ya juya ta ya duba bayanta. Daɗewa a gindin sarki mai zato ta koya masa zato shi ma, har ya zamana in an gaishe shi da fara'a mai yawa sai ya wuni yana tunanin abin da mai gaisuwar ke nema. Ba ya son wannan hali a kansa, amma ya san shi ne ya bar masa rawaninsa a ka, da kan a wuya.

A gindin ganuwar birnin akwai wani ruwa da ake kira Tafkin Alkawari. A zamanin kakan Sarki, maƙiya sun kewaye garin, ruwan tafkin nan ne ya rayar da mutane, saboda haka kakan ya yi bakance cewa ba za a sake jefa ƙugiya ko taru a cikinsa ba, wanda ya keta kuwa kansa ne fansa. Don haka mutanen Dutsen Marke suna ganin kifi yana wasa a bakin ƙofarsu, amma abin da suke ci banda ce da ake ɗauko musu a kan jakuna daga kogi, tafiyar kwanaki, ta iso baƙa ƙirin, ƙudaje na binta kamar masu rakiya. A wurinsu kifi da ƙuda da ƙarni abu ɗaya ne, ba su taɓa ganin ɗaya ba tare da sauran ba.

Kowace shekara shugaban masuntan kogi, Sarkin Ruwa Tunau, yakan kawo wa Sarki kamun fari. A shekarar da ta gabata Sarki ya ɗaga banda ɗaya, ya juya ta, ya ce cikin raha, "Ku mutanen kogi kun iya rabo. Ku ci ɗanye, ku aiko mana da gawayi." Fadawa suka yi dariya, Sarki ya manta ya faɗa. Tunau kuwa bai manta ba, ya koma gida da maganar tana sukarsa, domin mutum ne mai jin kunya ƙwarai, kuma rahar sarki a kunnen talaka umarni ce.

Da shekara ta kewayo, Tunau ya iso fada da hantsi, ba da mangalar banda ba, sai da manyan randuna cike da jiƙaƙƙen yashi, a cikin kowace randa an binne tukunya. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya buɗe tukunya, ya ɗage ganyen bado, sai ga ɗanyen kifin ƙarfasa a jere, an feɗe su an wanke, namansu da ƙarfi, jikinsu ya yi rawaya-rawaya, wani ƙamshi mai yaji ya tashi ya cika zauren. Waziri Hambali ya matso ya danna ɗaya da yatsa, naman ya koma daidai, ruwan da ke jikinsa ya ɓata masa bakin hannun riga. Ƙamshin ya taɓa wani wuri a ransa. Ya tabbata ya san shi, amma ya rasa inda ya san shi, wannan kuwa ya fi komai tayar masa da hankali.

Aka kawo kyanwa. Ta matso da sauri kamar yadda ta saba, ta sunsuna, ta yi atishawa, ta ja da baya ta shige ƙarƙashin karaga. Zauren ya yi tsit. Sai Sarkin Fada Arzika, wanda ba ya barin shiru ya tafi a banza, ya rusuna ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a duba wani abu. Ga ƙuda a kan jakunan da ke waje, ga ƙuda a kan ɓawon goro, ga shi a ƙafar dogari. A nuna mini guda ɗaya a kan kifin nan." Kowa ya duba, babu ko ɗaya.

Sarki ya dubi Tunau, ya ce, "Sarkin Ruwa, tsakaninmu da kogi tafiyar kwanaki ce, kuma tun da aka kafa garin nan ɗanyen kifi bai taɓa ƙetare wannan tafiya ba. Saboda haka ƙofa biyu nake gani. Ko dai kifin nan daga kusa ya fito, kusa kuwa babu ruwa sai Tafkin Alkawari, ka keta bakancen kakana. Ko kuwa daga nesa ya fito, an sa masa abin da ruɓa ke tsoro, ƙuda ke tsoro, kyanwa ke tsoro, irin wannan abu kuwa na san sunansa tun ina saurayi. Me aka shafa masa?"

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban san abin da ke ciki ba."

"Ka ɗauko abin da ba ka sani ba ka kawo wa sarkinka? To, a gasa ɗaya ka ci a gabana."

Nan fuskar Tunau ta sauya. Ya kifa goshinsa a ƙasa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a umarce ni in faɗa wuta, zan faɗa. Wannan kifi dai ba zan iya ci ba."

Hambali ya ji wannan magana ya ce a ransa, ruwa ba ya tsami banza. Bai gama tunanin ba Sarki ya juyo gare shi, ya ce a hankali, "Waziri, uwargidanka 'yar bakin kogi ce, in ban manta ba." Hambali ya ce haka ne. Sarki ya ce, "To, surukanka ne, kai ya kamata ka san halinsu. Na ba ka zuwa hantsin gobe ka nuna mini ƙofa ta uku. In babu ita, kan Sarkin Ruwa ya tafi, sa'an nan in zauna in bincika wa ya share masa hanya a cikin fadata." Hambali ya rusuna ya karɓi umarni, ya kuma gane sarai cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ya tafi gidan yari ya sami Tunau zaune da mari a ƙafa. Ya kori masu gadi, ya zauna kusa da shi, ya ce, "Sarkin Ruwa, wuyana da naka yanzu igiya ɗaya ta ɗaure su. Gaya mini gaskiya, wa ya haɗa kifin nan?"

Tunau ya ce, "Yayata ce, Allah ya gafarta Waziri. Na kai mata kukana a kan maganar Sarki ta bara, ta ce in kawo kifi in bar mata sauran. Ita da matan gida suka yi, ni ban zauna a wurin ba, maza ba sa zama."

"To, me ya hana ka ci?"

Tunau ya sunkuyar da kai, ya ce, "In na yi shiru a kashe ni a kan guba. In na faɗa a kashe ni a kan na zagi Sarki a gaban fadawansa. Gara in mutu ban zage shi ba, ko 'ya'yana sa tsira."

Duk dabarar da Hambali ya yi bai sami ƙari a kan wannan ba. Ya fito zuciyarsa ta fi dā nauyi. Yana tafe yana saƙawa yana kwancewa: watakila Tunau mai gaskiya ne amma an saye yayarsa, watakila wani hakimi ne ke bayansu, watakila ma tarkon ba na Sarki ba ne, nasa ne, Arzika ya ɗana don a tuna wa Sarki asalin matarsa. Abu ɗaya kawai ya ƙi zama daidai a lissafinsa. Mai guba yakan zo da amsarsa a shirye, yakan kuma ajiye lafiyayye a sama don in an ce ya ci ya ci. Wannan mutum kuwa bai zo da ko ƙarya ɗaya ta kirki ba.

Ya isa gida bayan azahar, ya tuɓe riga ya miƙa wa uwargidansa Yalwa, tsohuwar da suka tsufa tare, wadda ba ta tsoron rawaninsa ko kaɗan. Ta karɓa za ta rataye, sai ta tsaya, ta kai hannun rigar hancinta, ta dube shi da mamaki.

Ta ce, "Malam, wa ta haihu?"

Ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Tambayar wadda aka raina ce. An haihu a cikin dangina a garin nan, har an kawo kifin jego, har ka je ka tsoma hannu, ni ba a gaya mini ba? Da na ji ai da na tafi barka."

Hambali ya zauna a bakin gado ba tare da ya yi niyya ba. Nan take ƙamshin ya sami gidansa a cikin kansa: shekaru da dama da suka wuce, sa'ad da Yalwa ta haifi ɗansu na fari, shi yana ta kewaye-kewaye a zaure don kunya, surukarsa ta iso daga kogi da wata randa a kan jaki, wannan ƙamshi ya riƙa fitowa daga ɗakin da bai isa ya leƙa ba. Ya kwashe labarin fada duka ya gaya mata.

Yalwa ta tafa hannu, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta ce, "Wayyo Tunau, kunya za ta kashe shi! Malam, a wurinmu in 'ya ta yi aure nesa da ruwa ta haihu, uwarta ba ta kai mata banda, don mai jego romon ɗanyen kifi take so, shi ke kawo nono. Sai a feɗe kifin tun yana motsi, a wanke shi da ruwan lemun tsami, a daka citta da kanumfari da tafarnuwa da ganyen ɗoɗɗoya da gangamau mai sa rawaya, a tace ruwan, a ɗan sa gishiri, a tsuma kifin a ciki, a naɗe da ganyen bado, a binne tukunyar cikin jiƙaƙƙen yashi, a bi inuwa ana yayyafa ruwa. Ƙuda ba ya son kanumfari, kyanwa ba ta son lemo, ina abin tsoro a nan? Namijin da ke riƙe taru kuwa ba ya cinsa har abada, don a wurinmu wanda ya ci rabon mai jego ya ƙwace daga bakin jariri, kuma ba mai sake shiga jirgi ɗaya da shi."

Hambali ya ce, "Wannan asiri ne da aka hana gaya wa maza?"

Ta ce, "Wane asiri? Ba dai wanda ya taɓa tambaya."

Hambali ya ce, "Sarki zai ce an sato daga tafki jiya aka shafa masa."

Ta ce, "A tsaga shi mana. Ruwan ganye ba ya gaggawa. Na kwana ɗaya rawayarsa a fata take tsayawa, wanda ya sha hanya kuwa har ƙashin bayansa take kaiwa." Ta rataye rigar, ta juyo, wannan karo babu wasa a muryarta. "Amma ka ji ni da kyau, Malam. Na san haɗin, ban san zuciyar wadda ta haɗa ba. Yaji mai ƙarfi ne, in an so a ɓoye wani abu a ƙarƙashinsa zai ɓoyu."

Da la'asar Hambali ya koma fada ya nemi ganin Sarki, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ina roƙon kifi ɗaya daga Tafkin Alkawari." Sarki ya ɗaure fuska, ya ce ashe mai neman ƙofa ta uku ta farko yake so ya fasa. Hambali ya ce, "Kakanka ya yi bakance ne domin ruwan nan ya ceci rayuka, ya hana shi ga ciki, bai hana shi ga ceton rai ba. Kifi ɗaya ne a madadin kai ɗaya, kuma ba da hannun kowa ba sai da izininka." Sarki ya yi nazari, ya yarda, amma da sharuɗɗa irin nasa: dogarinsa ne zai kamo, kayan haɗin daga madafar fada za su fito, Yalwa za ta haɗa a gaban jakadiya, tukunyar kuma a ɗakinsa za ta kwana. Hambali ya amsa duka, don ya san da Sarki ya yarda babu sharaɗi da shi ne zai fara tsorata.

Kashegari da hantsi fada ta cika har bakin ƙofa. Aka fito da Tunau, aka ajiye tukunyarsa a dama, tukunyar Yalwa a hagu. Hambali ya sa aka buɗe ta hagu, ya ce a kawo kyanwa. Ta sunsuna, ta yi atishawa, ta koma ƙarƙashin karaga inda ta fito. Ya ce, "Sarkin Fada, kai ne mai ido a kan ƙuda, ka duba mana." Arzika ya duba ta nan, ya duba ta can, ya ce shi dai bai ga ko ɗaya ba, amma da sauran magana. Hambali ya ce, "Wannan kifi daga hannun dogarin Sarki ya fito, kayansa daga madafar Sarki, ya kwana a ɗakin Sarki. In ƙin kyanwa da ƙin ƙuda su ne shaidar guba, to mu duka da ke nan muna cin guba a miya kullum, don ba komai ba ne face citta da kanumfari da 'yan uwansu."

Sa'an nan ya karɓi wuƙa ya tsaga kifin tafki gida biyu, rawaya ta tsaya a fata, ciki fari fat. Ya roƙi Sarki ya nuna wanda ya ga dama daga tukunyar Tunau, Sarki ya nuna, Hambali ya tsaga, sai ga rawaya ta ratsa nama har ta rina ƙashin baya. Ya ɗora su a faifai ɗaya ya miƙa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gani ya kori ji. Wannan ya kwana ɗaya a cikin ruwan ganye, ga iyakar tafiyarsa. Wancan ya yi tafiyar da jakunan Sarkin Ruwa suka yi, a jikinsa aka rubuta nisan hanyar. Ƙofar tafki ta rufu."

Sarki ya duba ya sake dubawa, ya ce, "Ta rufu. Amma yajin da ya kori ƙuda yana iya rufe ɗacin guba, mai kifin kuma har yanzu ya ƙi ci."

Wannan ita ce maganar da Yalwa ta faɗa, Hambali kuwa ya kwana da ita. Ba shi da wata hujja a kanta sai abin da ya karanta a fuskar mutumin da bai iya ƙarya ba, kuma ya san firasa ba shaida ba ce a gaban alƙali. Ya dubi Tunau, Tunau na kallon ƙasa. Sai Hambali ya ce, "Ni zan ci, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Ka sha makarin guba kafin ka fito?"

"Ban karya kumallo ba ma, a tambayi dogarin da ka sa ya kwana a ƙofata." Sarki bai musa cewa ya sa dogari ba, Hambali kuwa dama zato ya yi, sai ga shi ya dace.

Sarki ya sa aka zaro kifi daga can ƙasan tukunya, aka gasa a tsakiyar fada. Hambali ya yi bismilla ya kai loma. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, har harshensa ya kasa gaya masa ko abin da daɗi ko babu. Sai a loma ta gaba ya ji zaƙin naman da yajin citta, ya ji haushin kansa da ya ga yana neman yin santi a irin wannan wuri. Ya cinye, ya wanke hannu, ya koma mazauninsa. Sarki ya ce ba mai tashi sai an kira la'asar, kowa kuwa ya san dalilin da ya sa ya zaɓi la'asar.

Haka aka zauna, fada guda tana kallon cikin mutum ɗaya. In ya gyara zama sai a yi ta kallon juna. Da ya yi tari sau ɗaya, saboda yaji, Arzika ya miƙe tsaye yana salati, sa'an nan ya zauna da kunya. Aka yi azahar a nan cikin zaure. Gumi ya jiƙa wa Hambali rawani, yana sauraron hanjinsa kamar mai sauraron ɓarawo a bayan ɗaki, duk motsin da ya ji sai ya ce shi ke nan. Inuwa ta yi ta tsawo, har ladan ya ɗaga murya. Hambali ya miƙe da ƙafafunsa, ya ce, "Alhamdu lillahi. In da saura a ƙara mini."

Dariya ta ɓarke, amma Sarki bai yi ba. Ya ce, "Ƙofa biyu sun rufu, Waziri, ka kuwa sayi rufinsu da tsada. Saura ka buɗe ta uku. Me ya hana shi ci?"

Tunau ya ɗago kai yana roƙon Hambali da ido. Hambali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, sunan wannan abinci kifin jego. Matan kogi ke yi wa 'ya'yansu mata in sun haihu nesa da gida, masunci kuwa ba ya cinsa, don kada a ce ya ƙwace daga bakin jariri. Sarkin Ruwa ya rasa hanyar da zai kawo maka ɗanyen kifi sai wannan, ya kuma zaɓi mutuwa a kan ya faɗi sunan a gabanka."

Wani daga baya ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta kuɓuce masa ta hanci. Arzika ya ce, "Subhanallahi! Abincin masu jego aka kawo wa Zaki?" Idon Sarki ya yi ja, Hambali ya ga takobin da ya janye daga wuyan Tunau yana neman dawowa ta wata hanya.

Ya matsa gaba, ya durƙusa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a ba ni izinin magana ɗaya. Matan nan ba sa yin wannan wahala don mai dukiya, ba sa yi don jarumi, ba sa yi ko don mazajensu. Mutum ɗaya suke yi wa, wanda wani rai ke rataye a jikinsa, wanda in ya ci lafiya wani ya rayu. Da aka ce musu na Sarki ne, ba su ga ya saɓa wa al'ada ba, don sun san kai ne mai shayar da ƙasar nan. Ban san girmamawar da ta fi wannan ba. Sai dai tsofaffi sun ce abin da mai jego ta ci, shi jariri ke sha. Shekara da shekaru kana karya kumallo da zato, mu kuma muna shansa a wurinka, har ni da ke gabanka jiya na zargi wannan bawan Allah, na zargi yayarsa da ban taɓa gani ba, na zargi Sarkin Fada, na zargi hancina. Mutum ya ji raharka, ya sha hanya don ya faranta maka, saura kaɗan mu biya shi da takobi."

Ba a taɓa gaya wa Sarki Ƙasimu irin wannan ba. Fadawa suka fara neman inda za su sa idanunsu. Can Sarki ya ce a miƙo masa faifan. Jakadiya ta sunkuya za ta ɗauko kyanwa bisa al'ada, ya ɗaga mata hannu. Ya sa aka gasa rabin kifin da aka tsaga, na tukunyar Tunau, ya yi bismilla, ya ci da hannunsa, abincin gaisuwa na farko da ya shiga bakinsa ba tare da kyanwa ta riga shi ba tun ranar zumar nan. Waɗanda ke kusa sun ce sun ga hawaye, amma sun ɗora wa citta.

Sarki ya sa aka cire wa Tunau mari, ya nemi gafararsa a gaban jama'a, ya tufatar da shi, ya aika wa yayarsa da zannuwa da saniya mai shayarwa. Ya yafa wa Hambali alkyabbarsa ta jikinsa, ya ce ya roƙi abin da yake so. Hambali ya roƙi a bar matan kogi su koya wa matan birni wannan haɗi, a kuma riƙa kawo ɗanyen kifi Dutsen Marke, a fara da gidajen da aka yi haihuwa kafin fada. Sarki ya ce an ba shi. Da Hambali ya koma gida ya ba Yalwa labari, ta saurara har ƙarshe, ta ce ita dai ba ta yafe ba, ya cinye kifin jego guda bai rago mata ko kai ba.

Masu hikima sun ce, zato ƙofa biyu kawai yake gani, kuma kowace takobi ne a bayanta. Adalci shi ne sarki ya riƙe hannunsa har a nemo ta uku, domin kifin da aka yi wa gaggawa ana iya kamo wani, amma kan da aka sare ba ganyen da ke mayar da shi.